Ma'abota Karatu a Ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Anka ta nufi yamma, ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta bi ta Ɗaki Takwas har ta sauka Gummi a bakin gulbi, idan ya tambayi mutanen da ya tarar a tasha ko a kasuwa abin da aka san ƙasarsu da shi, lalle za su ambata masa noman gero da dawa, da albarkar fadama, da kiwo, da zinariyar da ake tonowa a wajen Bagega, da tsohuwar sarautar Zamfara wadda gadonta yake Anka; amma da wuya wani ya ambata masa littafi, alhali kuwa babu gari ɗaya a cikin garuruwan nan wanda ba shi da waɗansu bayin Allah, maza da mata, da rana ba ta fitowa ta faɗi ba su buɗe littafi ba. A kansu nake nufin yin magana, domin a ganina al'adarsu abar koyi ce, kuma sirrinta ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna da su: sun yanka wa littafi rabonsa na lokaci a kowace rana, suna kuwa tsare wannan rabo ko da wadata ko da rashi, ko da lafiya ko da tashin hankali.

Gadon da aka tarar

Wannan ɗabi'a ba jiya aka fara ta a ƙasar Zamfara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun kafin jihadin 1804, ya yi kimanin shekara biyar yana zaga wannan ƙasa yana wa'azi da karantarwa, tare da ƙanensa Malam Abdullahi. Shi kuwa Malam Abdullahi, da ya manyanta, sai ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Mai duba wannan jeri zai ga Ahalari da Ishmawi da Risala a fannin fiƙihu, ya ga Ajuruma a nahawu, ya ga Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan farko a lugga da adabi. In kuma ya ɗaga kansa ya leƙa zauren wani malami a Anka ko Nasarawar Burkullu ko Gayari, zai tarar waɗannan littattafai ɗin dai su ne ake biya wa ɗalibai yau, bayan shekara fiye da 200.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma shahararre ne da son littafi, har labarinsa ya kai ƙasashen Turai. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya komo Sakkwato a 1826, bayan zuwansa na farko a 1824, daga cikin kyautar da ya riƙo masa akwai littattafai na Larabci, har da littafin Uƙlidis na ilmin lissafi da awo. Bello ya yi murna da shi ƙwarai, ya kuma shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafinsa, gobara ta cinye. Abin lura a nan shi ne mutumin da ke ɗauke da nauyin daula da yaƙe-yaƙenta bai ga cewa littafin lissafi na wani Bayunane ya fita daga abin da ya kamace shi ya sani ba. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa ta ɗauki nauyin ɓangaren mata, ta naɗa jajis waɗanda ke kai karatu ƙauyuka, suna koya wa matan aure da tsofaffi abin da ta tsara musu cikin waƙa da Hausa da Fulatanci. Saboda haka mai karatu na yammacin Zamfara, ko ya sani ko bai sani ba, magaji ne, kuma abin da ya gada ya haɗa da faɗin zuciya wajen neman kowane irin ilmi mai amfani.

Yinin mai karatu

Ma'abucin karatu a waɗannan garuruwa ba agogo ke tsara masa yini ba, salloli biyar ne. Idan an sallame sallar asuba, kafin hayaniyar gari ta tashi, a lokacin nan da ƙwaƙwalwa take sake kuma ciki bai yi nauyi ba, sai ya fara da tilawar Alƙur'ani, domin shi ne shugaban littattafai a wurinsa, ba ya kuwa gabatar da wani a kansa. Da yawa sun ɗora wa kansu izu biyu kowace rana, wanda ke kai mutum ga sauka sau ɗaya a wata, tun da izu sittin ne. Wanda ke riƙe da bugun Madina ya san shafi huɗu bayan kowace salla sun isar masa wannan adadi. Bayan tilawa, in ɗalibin ilmi ne, sai ya saɓa gafakarsa ya nufi zauren malam, ya sami wuri a kan tabarma ya jira layinsa. Idan ya zo kansa sai ya karanta nassin Larabci gaɓa gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa, yana warware masa abin da ya shige masa duhu, sauran ɗalibai kuma suna saurare, ta yadda wanda ya zo domin Iziyya zai tashi da wani abu na Risala, wanda ya zo domin Risala ya tsinci wani abu na Muhtasar.

Da hantsi kowa ya kama sana'arsa, amma littafi ba ya nisa da shi. Za ka ga tela ya ajiye nasa a gefen keke, mai kanti ya sa nasa a ƙarƙashin teburi yana jawo shi duk sa'ad da ciniki ya lafa, malamin firamare kuma yana da wani a aljihun rigarsa wanda ba na manhaja ba ne. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ke hana kowa motsi, waɗansu su yi ƙailula, shi kuwa ya sami inuwa ya yi muɗala'ar abin da aka biya masa da safe, domin malamai sun sha faɗa wa ɗalibansu cewa karatun da ba a maimaita ba bai zauna ba. Tsakanin magariba da lisha lokaci ne na majalisin hadisi ko tafsiri a masallaci. Bayan lisha kuwa, idan gida ya yi shiru, nan ne yake sakin linzami ya karanta abin da ransa ke so, ko tarihi, ko labari, ko waƙa, ko wata tsohuwar jarida da ya samo. Dā da aci-balbal ake wannan hira da littafi, aka koma fitilar ƙwai, yau kuma ga tocila da fitila mai cajin rana.

Kada mai karatu ya raina wannan tsari saboda ƙanƙantar abin da ake karantawa a zama ɗaya. Wanda ya lazimci shafi 10 kowace rana, ba fashi, ya karanta shafi 3,650 a shekara, watau kimanin littafi 18 masu shafi 200. Wanda kuwa yake jira sai ya sami hutu da natsuwa da kuɗin saye kafin ya fara, sau da yawa shekara takan ƙare bai gama ko ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Shekara ma tana da nata tsari. Da damina gona takan cinye yawancin yini, karatu ya taƙaita ga asuba da dare. Idan an yi kaka, an kai amfani rumbu, sai zaure ya cika, waɗansu ma su yi ƙaura zuwa Sakkwato ko Zariya ko Kano domin su sauke wani littafi a gaban malamin da ya shahara da shi, su komo kafin ruwa ya sauka. Watan azumi kuwa shi ne kakar masu karatu, domin a cikinsa ake buɗe tafsiri a masallatai da ƙofar fada, mai jan baƙi yana ja, malam yana fassarawa, galibi bisa Jalalaini, a waɗansu wurare kuma a karanta Ashafa ta Alƙali Iyal; wanda bai iya karatu da kansa ba ma yakan sami rabonsa ta kunne.

Ɗan alƙalin Gummi

In ana neman shaida a kan abin da wannan tarbiyya take iya haifarwa, ba sai an fita daga Gummi ba. A nan aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi a farkon shekarun 1920, a gidan Malam Mahmudu alƙalin garin, kuma a gaban mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, kafin a kai shi makarantar boko a Dogon Daji, daga nan Midil ta Sakkwato, sa'an nan Makarantar Shari'a ta Kano. Ya koyar a Maru, ya ƙaro ilmi a Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Ya rubuta tafsiri da Larabci mai suna Raddul Azhani, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992.

Mutane sun saɓa a kan waɗansu ra'ayoyinsa, har yanzu ma suna saɓawa, wannan kuwa ba shi ne abin da ya kawo mu ba. Abin da masoyinsa da mai jayayya da shi suka haɗu a kai shi ne mutum ne wanda ya karanta da yawa, ya haɗa karatun zaure da na aji bai wulakanta ɗayansu ba, ya kuma yarda cewa manomi da matar aure da ɗan kasuwa suna da haƙƙin su riƙe littafi cikin harshensu su fahimci abin da ke ciki. Tarjamarsa ta shiga gidaje masu yawan gaske a ƙasar Hausa. Yaron da ya tashi a Gummi yau yana tafiya a kan turɓayar da wannan malami ya taka, abin da ya rage masa shi ne himma da wanda zai miƙa masa littafi.

Littattafan boko da na hira

Tun daga shekarun 1930 wani sabon kogi ya haɗu da na dā. Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ta shirya gasar ƙaga labari a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Bayan haka Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka kuma fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, Zaruma ita ce ta lardin Sakkwato, wanda Anka da Gummi da Bukkuyum suke cikinsa a wancan zamani. Dattawan da suka yi ajin yamma na lokacin suna tuna yadda kwafin jarida ɗaya yake zaga unguwa, mai iya karatu yana karantawa da ƙarfi a dandali, jama'a suna kewaye da shi, har takardar ta yi laushi ta yayyage.

Daga shekarun 1980 kuma littattafan hira na Kano suka cika kasuwa, nan ne mata suka karɓi tuta. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, sun shiga ɗakunan matan aure ta hannun 'yan tallan littafi da masu ba da haya; mace ta gama aikin gida, ta kwantar da yara, ta jawo littafinta daga ƙarƙashin matashi, gobe ta aika wa maƙwabciyarta da shi ta karɓo wani. An yi ta sukar waɗannan littattafai, wani sukan da gaskiya wani da zalunci; amma wanda ya yi adalci zai yarda cewa sun riƙe karatun dubban mata waɗanda aka cire daga makaranta da wuri, da ba domin su ba da baƙin ya ɓace musu. Macen da ta saba da buɗe littafi domin nishaɗi ita ce za ta iya karanta takardar asibiti, ta duba littafin makarantar ɗanta, ta bi darasin Islamiyya ba tare da wahala ba.

Aro da adanawa

Da yake manyan kantunan littattafai suna nesa, sai a Gusau ko Sakkwato, ko Kasuwar Kurmi ta Kano ga mai neman littattafan addini, ma'abucin karatu a nan ya dogara ne ga abu uku: mai baza littattafai a tabarma ran kasuwa ko a ƙofar masallacin Juma'a, da matafiyin da za a ba sautu, da aro. Aro kuwa yana da ladubbansa waɗanda masu abin suka sani: ba a naɗe kunnen shafi, ba a buɗe littafi da hannu mai maiƙo, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ara wa wani abin da aka aro sai da izinin mai shi, kuma ana mayarwa ran da aka yi alkawari. Mai littafi yakan ce, “Ga shi, amma amana ne, in ka ƙare ka maido.” Wanda ya ci wannan amana sau ɗaya ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma rufe wa waɗanda ke bayansa, domin yawancin masu rowar littafi wani ne ya taɓa cutarsu.

Adanawa ma jihadi ne mai zaman kansa. Gara da ɓera da kyankyaso da yoyon ɗaki duk abokan gāba ne, shi ya sa magabata suke sa warƙoƙin littafi cikin tadarishi, su sa shi cikin gafaka ta fata, su rataye a bango nesa da ƙasa, na yanzu kuma suke zuba nasu a akwatin ƙarfe su ɗora a kan dutse, su fito da su su sha iska idan damina ta wuce. A gidajen malamai da na alƙalai na dā akwai littattafan da aka kwafa da hannu, da tawadar gargajiya da alƙalamin kara, gefensu cike da ta'aliƙin kakanni. Irin waɗannan in suka salwanta ba kasuwar da za a sayo madadinsu. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa, ta isa ta tunatar da duk mai irin wannan dukiya cewa jinkirin ɗaukar hotonta da killace ta kasada ce.

Zamanin waya da zamanin tsoro

Yau wayar hannu ta shigo da abin da kakanninmu ba su yi mafarkinsa ba, domin ɗalibi a Bukkuyum yana iya riƙe Sahihul Buhari da Muwaɗɗa da ƙamus a aljihunsa, marubuta mata kuma suna sakin labaransu babi babi ta WhatsApp, ana karanta waɗansu da murya ga wanda ya fi son saurare. Wannan ni'ima ce, wajibi ne a gode mata. Sai dai wayar da ta kawo littafin ita ce kuma take kawo abin da ke raba mutum da shi, saƙo yana shigowa a kan saƙo, har mutum ya wayi gari ya karanta guntaye dubu bai kammala abu ɗaya ba. Masu karatu na haƙiƙa sun gane haka, shi ya sa za ka ga sun kashe data idan lokacin muɗala'a ya yi. Kuma mutanen Zamfara sun ga iyakar waya da idonsu a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe makarantu. A waɗannan makonni wanda yake da littafi na takarda a ɗakinsa shi ne karatunsa bai tsaya ba.

Ba za a yi maganar karatu a wannan yanki a tsallake halin da ake ciki ba. Ƙasar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a cikinta a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yar Galma, ita ce kuma 'yan bindiga suka tayar wa ƙauyuka da dama, har garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, yara masu yawa suka yi shekaru ba su ga allo ko aji ba. Wani zai ce wanda ke neman abin da zai ci da inda zai kwana ina ruwansa da littafi. Amsa ita ce yaron da ya tashi bai iya karatu ba shi ne ya fi sauƙin ruɗi ga duk mai kiransa zuwa ɓarna, kuma gyaran ƙasa, ran da Allah ya kawo zaman lafiya, zai buƙaci alƙalai da malamai da likitoci da masu aikin gona na zamani daga cikin 'ya'yanta, waɗannan kuwa ba sa fitowa sai daga cikin yaran da aka saba musu da littafi tun suna ƙanana.

Saboda haka ina kira ga sarakunanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, da shugabannin ƙananan hukumomi, da attajirai waɗanda Allah ya buɗa wa, su dubi wannan al'amari da idon rahama: ɗaki ɗaya a kusa da masallacin Juma'a ko a harabar makaranta, da kanta biyu, da tabarmi, da fitila mai cajin rana, da amintaccen mutum mai rubuta sunan wanda ya ara, ya isa ya zama ɗakin karatu na unguwa, kuma waƙafi ne wanda ladansa ba ya yankewa. Magadan malamai su nemi masana su ɗauki hoton littattafan kakanninsu tun gara da ruwa ba su riga su ba. Iyaye kuma su sani yaro ba ya son abin da bai ga ana so a gidansu ba. Uba ya riƙa buɗe littafi a gaban 'ya'yansa, uwa ta riƙa karanta musu labari kafin barci, a sa littafi cikin tsarabar kasuwa da kayan salla, 'ya mace a ba ta kamar yadda ake ba ɗa namiji. Kai kuma mai karanta wannan maƙala, zaɓi littafi ɗaya yau, ka yanka masa lokacinsa bayan asuba ko bayan lisha, ka tsare shi har ka kai ƙarshensa, sa'an nan ka ara wa wani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.